Me burauza za ta yi da lambobin da ke wayarka?

Jama'a, akwai tambayar da wayoyinmu ke yi mana, mu kuwa muna amsawa ba tare da mun karanta ba. Ka buɗe burauza, wato manhajar da kake shiga intanet da ita, Chrome ce ko Opera Mini ko Phoenix da ke zuwa a cikin Tecno da Infinix, sai wani ɗan akwati ya fito da Turanci yana neman izini: a bar ta ta san inda kake, ta taɓa kyamara da makirufo, ta shiga hotuna, wani lokaci har da lambobin da ka ajiye. Mutum yana sauri zai duba sakamakon ƙwallo, sai ya danna "Allow" ya wuce. Dattawanmu da yawa ma ba su suka danna ba, yaron shagon da ya saita musu wayar ne ya danna duka.

Ni ɗan mai fataucin shanu ne, na san abin da ke cikin wayar irin su babana. Lambar dillali a Potiskum da Maigatari, lambar direban tirela, sunayen mahautan Agege da ake bi bashi, hoton rasit na taransifa. Da can littafi ne a aljihun riga, ba mai taɓa shi ko ɗan cikinka. Yau wayar ce littafin. Duk wanda ya san inda wayar nan take kwana da waɗanda take hulɗa da su, ya san ranar da kaya suka taso da ranar da kuɗi suka shigo. A zamanin da ake tare hanya ana garkuwa da mutane, wannan ba ƙaramin sirri ba ne.

A yi adalci, wasu izinin suna da dalili. In za ka tura hoto a wani shafi, dole burauza ta ga hoton. In kana neman hanya a taswira, sai ta san inda kake tsaye. Amma buƙatar ta wannan lokacin ce kawai. Karanta labarai ko duba farashin dala ba ya buƙatar makirufo, balle lambar surukinka. Ka hana ta, za ta ci gaba da buɗe shafuka kamar yadda ta saba.

Kar wani ya ce tsoro ne kawai. A 2015 masu bincike na Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada sun gano UC Browser, wadda a lokacin samarinmu ke yayi saboda saurin sauke bidiyo, tana fitar da lambar shaidar waya da ta layi da bayanin wurin da mutum yake ba tare da kariyar kirki ba. A watan Yunin 2020 Indiya ta haramta ta tare da TikTok, cikin manhajoji 59 na ƙasar Sin, bisa dalilin tsaro. Ita kuma Opera Mini da muke so don tsimin data, yadda take aiki shi ne shafin da ka nema sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin an matse shi kafin ya iso gare ka. Ba zargi nake ba, tsarinta ke nan, amma ya kamata mai shiga shafin banki ya san akwai na uku a tsakani. Manhajojin nan kyauta ake ba mu, kuma mafi yawansu da talla suke ci. Mai talla kuwa abin da yake saye shi ne sanin ko kai wane ne, ina kake, me kake nema.

Mu nan kudu mun riga mun ga abin da izinin lambobi ke jawowa. Ku tuna manhajojin bashi. Mutum ya ci naira dubu goma, ya yi jinkirin kwana biyu, sai a tura wa limaminsa da maigidansa da kowa a wayarsa saƙo cewa ɓarawo ne. Sai da hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshinsu a Legas a watan Maris na 2022, sannan a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna. To wannan hanin na masu bashi ne. Ƙofar da suka bi ita ce dai wadda burauza ke ƙwanƙwasawa.

Doka akwai. Tun Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a da hukumarta, NDPC, kuma a 2024 an ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. Sai dai mu faɗi gaskiya, wane ɗan kara ne zai bar shanunsa ya rubuta ƙorafi zuwa Abuja? Kuma kamfani zai ce ai kai ka danna da hannunka.

Abin da ke hannunmu bai fi na minti biyar ba. Shiga saitin waya, ka nemi jerin manhajoji, ka taɓa burauzar, ka buɗe wajen izini. Cire na lambobi da makirufo da kyamara. Na wuri kuma, daga Android 10 akwai zaɓin a ba ta sai lokacin da kake amfani da ita, daga 11 akwai na sau ɗaya tak. A Android 12 zuwa sama, in ka ga ɗan koren ɗigo a saman allo, wata manhaja ce ke amfani da kyamara ko makirufo a lokacin. Ka rufe mata sanarwa ma, don ta nan saƙonnin nan na "ka ci kyautar waya" suke shigowa.

Wanda ya fi damuna shi ne burauzar da ake turo wa mutum ta Xender ko a zuba masa a shago. Ba ta bi ta Play Store ba, kuma ba ka san wa ya taɓa ta a hanya ba. Samari masu karatun boko, in kun je kara gobe ku karɓi wayar Baba da izininsa ku duba masa. In kun tarar da burauza uku, ku bar ɗaya.