Zakirai da Jogana: Jirgi Ya Yi Ƙaura, Jama'a Na Nan

A shekarar 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka kammala shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, tsawon kimanin kilomita 230. Idan jirgi ya tashi daga birni ya nufi arewa maso gabas, yakan tsaya a Jogana, ya tsaya a Zakirai, sannan ya shiga ƙasar Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, waɗanda tun 1991 suka koma jihar Jigawa. Labarin da aka saba bayarwa game da irin waɗannan ƙananan tashoshi gajere ne: jirgi ya zo ya kafa gari, jirgi ya daina zuwa gari ya mutu. Labarin yana da daɗin faɗa, amma a ɓangaren ƙasar Kano ba haka abin ya faru ba. Jirgi bai kawo jama'a Jogana da Zakirai ba, tarar da su ya yi, kuma da ya ja baya bai tafi da su ba. Gyara wannan fahimta ya zama dole yanzu, domin ana shimfiɗa sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi ta cikin irin wannan ƙasa, kuma wanda ya ɗauka jirgi ne ke haifar da mutane zai gina wa manyan birane tashoshi ya ratsa ƙauyuka kamar ratsa daji.

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe a cike. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka a Kano a 1851, ya rubuta mamakinsa game da yawan jama'ar ƙasar da albarkar nomanta da saƙa da rini, fiye da shekara hamsin kafin Turawan Ingila su ci birnin a 1903. A shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya auna yankin gona-gona, kuma daga baya shi da abokan aikinsa suka zauna a Tumbau, cikin ƙasar Gezawa, maƙwabciyar Jogana, suna bin yadda manomi ke rayuwa. Abin da suka gani shi ne abin da duk ɗan yankin ya sani: babu saura, babu gonar da ake bari ta huta, kowace shekara ana noma kowane taƙi na ƙasa. Ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, ana ɗaure tumaki da awaki a gida da damina a ciyar da su, a tara takinsu a kai gona da rani. Harawa da karmami da kara duk suna da farashi. Jaki kan shiga birni da itace ya fito da mangalar taki. Wannan tsari shi ne ya riƙe ɗimbin jama'a a ƙasar da ruwan samanta bai wuce wata huɗu zuwa biyar ba, kuma ba Bature ne ya koyar da shi ba.

To me jirgin ya yi? Ya ba gyaɗa ƙafa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, auduga Turawa suka sa wa rai, don masaƙun Ingila. Manomin Kano ya yi lissafinsa ya ga audugarsa ta fi daraja a hannun masaƙan gida, gyaɗa kuwa tana kawo kuɗin haraji, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabba ce, idan shekara ta ɓaci kuma a ci ta. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka goge a fataucin goro, suka baza yaransu ƙauyuka suna saye. Layin Nguru an yi shi ne don ya bi wannan gyaɗar har gida. Tasha ta zama wurin da sikeli yake, wurin da 'yan baranda ke tsayawa, wurin da kamfanoni da Kwarori ke kafa kanti, 'yan dako su sami aiki, masu abinci su kafa rumfa. A gabas, inda jama'a ba su yi kauri ba, wannan ya isa ya tsirar da sabon gari: Malam Madori ta bunƙasa ne don ita ce ƙofar Haɗejia ga jirgi, kuma har yau Gagarawa na da mazaɓar Gari daban, ta Tasha daban. A ƙasar Gezawa da Gabasawa kuwa, abin da tasha ta yi shi ne ta zaɓi gari ɗaya cikin garuruwa masu yawa ta ce nan za a riƙa haɗuwa. Zakirai ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa a yau, kuma da wuya a ce zamanta a bakin dogo ba shi da hannu a ciki. Ko dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, a gaskiya shaida ce ta cewa manomi ya fi ƙarfin jirgi: buhuna sun taru ne don taragon kwashewa bai wadata ba.

Faɗuwar ba ta zo rana ɗaya ba. Rikicin 1966 ya kori ma'aikatan jirgi 'yan kudu masu yawa daga Arewa, yaƙin basasa ya biyo baya. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya manoma, a 1975 cutar da ke tsumburar da gyaɗa ta cinye amfanin shekarar, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati zuwa ga tituna da manyan motoci, a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Najeriya da ta taɓa zama kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa ta fita daga kasuwar. Jirgin Nguru ya zama abin gani jifa-jifa. Da labarin da aka saba gaskiya ne, da yanzu kufai ne a bakin layin. Amma ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gezawa mutum sama da 280,000 a kan murabba'in kilomita 340, wato fiye da mutum 800 a kowane murabba'in kilomita. Gabasawa ta sami kimanin 211,000 a kan murabba'in kilomita 605, kusan 350 ke nan. Waɗannan alƙaluma na karkara ne, ba na Fagge ko Kurna ba, kuma an yi kimanin shekara ashirin da ɗaukarsu. Ko wanda ke shakkar ƙidayar Najeriya, kuma yana da hujjarsa, ya rage kashi ɗaya cikin huɗu, abin da ya saura ya fi ƙarfin a kira shi ƙasar da ta mutu.

Sai dai a nan akwai wani giɓi da ya kamata ya dame mu. Alƙaluman 2006 da aka buga sun tsaya a matakin ƙaramar hukuma, ba su sauka zuwa gari-gari ba, don haka duk wanda ya faɗi yawan mutanen Jogana ko Zakirai ko Kunya a yau, kintace yake yi. A da, dagaci da mai unguwa suna da rajistar masu biyan haraji, ana sabunta ta duk shekara. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, kuma ta yi daidai, don an sha zaluntar talaka da su. Amma da harajin ya tafi, lissafin shekara-shekara na ƙauye ya bi shi, ba a kuma kawo wani a madadinsa ba. An soke ƙidayar 1962, an soke ta 1973, wadda aka shirya yi a 2023 aka ɗage ta. Injiniyan da zai yanke shawarar inda jirgi zai tsaya, da girman rumbun kaya, da yawan mashigai, yana aiki ne da taswira da hoton tauraron ɗan Adam. Tsofaffin rahotannin gundumomi suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano, dattawan da suka yi dako a tashoshin nan kuma suna ƙarewa. Jami'ar Bayero ba ta rasa ɗaliban tarihi da za a tura su tattara wannan ba.

Sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke ginawa, tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk maganar da ake yi a kansa ta manyan kaya ce: hajar Nijar ta sauka tashar ruwan Legas maimakon Kwatano. Wannan ba laifi ba ne. Amma ƙasar Minjibir da Ɗambatta, wadda layin zai ratsa, irin ta Gezawa ce, kuma abin da tarihin layin Nguru ya nuna shi ne, ƙaramar tasha tana rayuwa ne da abu uku: jirgin da ke tsayawa a lokacin da aka sani, wurin auna kaya da ajiye su, da taragon da zai karɓi buhu goma na mutum ɗaya ba sai ya cika tarago ba. Ginin tasha mai fenti da gilashi, wanda jirgi ke wucewa ta gabansa da gudu, bai ƙara wa kowa komai ba.

Za a ce, kuma maganar tana da nauyi, cewa a gajeren zango mota ta fi jirgi. A-kori-kura tana zuwa bakin gona ta sauke a bakin rumfa, jirgi kuwa sai an yi lodi sau biyu, an biya dako sau biyu. Gaskiya ne, babu mai hankalin da zai sa buhun gero a jirgi daga Jogana zuwa kasuwar Dawanau. Amma buhun ba a Dawanau yake ƙarewa ba. Daga can tirela ke ɗaukarsa zuwa Legas ko Fatakwal, ko ya tsallaka iyaka, kuma kowane hannu da ya bi ta kansa daga farashin manomi ake cire rabonsa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na farashin abinci. Amfanin ƙaramar tasha shi ne ta haɗa ƙauye da zango mai nisa kai tsaye, yadda ta yi a zamanin gyaɗa. Indiya, mai tashoshi sama da 7,000, ta fito da jiragen ɗaukar kayan manoma na musamman a 2020 bisa wannan lissafi. Ingila kuwa ta bi shawarar rahoton Beeching na 1963 ta rufe ƙananan tashoshi fiye da 2,000 don ba sa kawo riba, daga baya ta dawo tana kashe kuɗi wajen sake buɗe wasu layukan.

Za a kuma ce gyaɗa ta tafi, me jirgi zai ɗauka? Riɗi da zoɓo daga wannan yanki da Jigawa ake fitar da su ƙasashen waje. Wake da gero da dabbobi kullum kudu suke nufa. Takin zamani da siminti kuma daga nesa suke zuwa, nauyi gare su, ba sa gaggawa, irin kayan da aka ƙirƙiro jirgi dominsu. Sannan akwai mutane: ƙasar da gonar gado ke ƙanƙancewa duk lokacin da aka raba ta tsakanin 'ya'ya, wani kaso na abincinta daga cin rani da aikin birni yake fitowa.

Ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne na manomin da layi ya bi ta gonarsa. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, diyyar da take bayarwa kuma ta amfanin gona ce da gini da bishiya, ba ta ƙasar kanta ba. A wurin da akwai daji, wanda aka tasa zai iya sarar wata gona. A ƙasar Minjibir babu inda zai sara. Kuɗin da aka ba shi zai ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu, gonar da kakanninsa suka shekara ɗari suna zuba wa taki ta tafi har abada. Layin zamani kuma ba kamar tsoho ba ne da jaki da amalanken shanu ke tsallakawa ko'ina. Yana kan tudun ƙasa, jirginsa na gudu, zai iya raba gida da gona, ya datse burtali, ya tare hanyar ruwa da damina. Wannan ba hujjar ƙin jirgi ba ce, hujja ce ta cewa ƙauyen da ya ba da ƙasarsa yana bin layin bashi, kuma mafi ƙarancin biyan bashin shi ne mashigai isassu da jirgin da zai tsaya masa.

Gwamnatocin jihohi ba su da sauran uzurin cewa jirgi na tarayya ne. Gyaran tsarin mulkin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar layin dogo. Tsohon layin Nguru matsattse ne, sabon na Maraɗi mai faɗi ne, taragon ɗaya ba ya hawa ɗayan, amma filin tsohon layin yana nan, ba sai an ƙwace gonar kowa ba kafin a gyara shi. Kano da Jigawa za su iya zama da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya su tsara jirgin da zai riƙa bin ranakun kasuwa daga Kano zuwa Malam Madori. Kafin nan, aikin da bai buƙatar kwangilar biliyoyi shi ne ƙananan hukumomin Gezawa da Gabasawa da Minjibir da Ɗambatta su sa dagatansu da masu unguwanni su ƙirga gidajen da ke cikin tafiyar awa ɗaya a ƙafa daga kowace tasha, tsohuwa da sabuwa, su kai wa majalisar dokokin jiha lissafin tun ba a fitar da jadawalin tsayawar jirgin Maraɗi ba.