Mai kisa ba jarumi ba ne

Ƴan'uwa masu karatu, ku duba abin da ke faruwa a gidajen kallo na garuruwanmu. In ɗan wasa ya harbe mutum goma, sai samari su tashi da tafi, suna cewa: "Wannan namiji ne!" Wannan tafi kuskure ne, kuma yana lalata tarbiyyar ƴaƴanmu.

Akwai wani fim mai suna Sarauniya. Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya yi shi a 1986, daga littafin Abdullahi Mamani, ɗan Nijar. A 1987 ya ci babbar kyauta a bikin finafinan Afirka na Wagadugu. Labarin ƙasarmu ne.

A 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Vule da Shanwan, suka ratsa ƙasar nan da sojoji. Suna ƙona garuruwa, suna kashe mata da yara. Birnin Ƙonni ta ga bala'insu. In da yawan kisa ne ke sa mutum jarumi, to su ne manyan jarumai. Wa zai yarda da haka?

A Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi, Sarauniya ta tare su da baka da kibiya. Da bindiga ta fi ƙarfi, sai ta janye da mutanenta cikin daji. Wani zai ce gudu ne, mutuwa ta fi kunya daraja. Ku tambaye shi: in duk sun mutu ranar nan, wa zai noma gonakin Lugu? Wa zai reni marayu? Shugaba na gari rayukan jama'arsa yake lissafi, kirarin maroƙa ba ya gabansa.

Vule da Shanwan kuwa, cikin watan Yuli na shekarar, sojojinsu ne suka harbe su a wajen Maijirgi, ƙasar Tasawa. Abin da mutum ya shuka shi yake girba.

Kowa zai mutu. Abin da ke saura shi ne abin da za a faɗa bayanka. Saboda haka, uba, in ɗanka ya komo daga kallo, zaunar da shi ka tambaye shi: "Wanda ka yi wa tafi, wa ya ceta?" In bai ceci kowa ba, gaya masa gaskiya: mai kisa ya kalla.