Kafin ka ƙirƙiro wa malamai manhaja, je ka wuni a aji

Ƙanwata tana shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, aka tura ta koyarwar gwaji, wato TP, a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati. Ni kuma lokacin ina ta fama da wata manhaja da nake ganin za ta gyara ilimi: bidiyon darussa, tambayoyi, har da lambar yabo ga wanda ya ci. Da na nuna mata sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, gobe ka raka ni."

Shugaban makarantar ya ba ni izini na zauna a bayan aji. Ƙarfe 7:30 tana wajen asambili. A ajin farko na ƙirga yara 83, wasu a ƙasa suke zaune. Darasin minti 40 ne, kiran suna kaɗai ya cinye kusan goma. Kwamfuta take koyarwa, amma da alli ta zana musu kibod a allo. Darasi biyar ta yi tsakanin aji ɗaya zuwa aji uku, sannan wani malami bai zo ba aka ce ta riƙe masa ajinsa. 'Yar TP ba ta cewa a'a.

Da ta koma gida ba hutu. Ga littattafan yara da za ta duba, ga tsarin darasin gobe da za ta rubuta da hannu, domin malaminsu na kwaleji zai iya dirowa kowace rana, kuma makin da ya ba ta yana shiga sakamakonta. Ba albashi, kuɗin adaidaita ma daga aljihunta yake fita.

A duk wunin nan ban ga inda manhajata za ta shiga ba. An hana yara zuwa da waya, ajin kuma ko soket babu. Ta taɓa sa ChatGPT ya rubuta mata tsarin darasi, ya kawo mata shawarar haska bidiyo da raba yara rukuni biyar-biyar. A ina?

Abin da ya taimake ta a ƙarshe ƙaramin abu ne. Na tsara mata jadawali a Google Sheets, wanda ake iya saitawa ya yi aiki ba data. Tana shigar da makin gwaji da na jarrabawa, shi ya haɗa jimilla ya fitar da na ɗaya zuwa na ƙarshe. Aikin da kan cinye mata dare biyu da kalkuleta ya koma na awa ɗaya.

Ra'ayina ke nan: fasaha ta ɗauke wa malami lissafi da kwafe-kwafe, ta bar masa koyarwa. Wani zai ce matsalar ta kujeru ce da albashi. Gaskiya ne, manhaja ba ta gina aji. Amma NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, masu TP na yau su ne malaman gobe. In zangon farko ya galabaitar da su, sai su gama su buɗe shagon POS.

Don haka ɗan'uwa mai rubuta manhaja, gwada aikinka da tambaya uku. Yana aiki ba data? Yana buɗewa a ƙaramar wayar da ta kusa cika? Minti nawa yake rage wa malami a rana? In ba ka da amsa, nemi izini ka je ka wuni a aji.