Kada kundayen bincike kan Sharaɗa da Challawa da Bompai su faɗa hannun masu kutse

Duk wanda ya ratsa Sharaɗa ko Challawa ko Bompai ya ga masana'antun da suka daɗe a rufe, musamman masaƙu. Masana'anta idan ta rufe, takardunta kan bi ruwa. Babban abin da ke adana tarihin waɗannan wurare shi ne kundayen binciken ɗalibai da malamai a Jami'ar Bayero da takwarorinta. A cikinsu ake samun awon gurɓataccen ruwan da majemu ke kwararwa zuwa Kogin Challawa, da wanda ke fitowa daga Bompai ya bi Getsi ya faɗa Jakara, inda manoman rani ke ban ruwa.

Yanzu ɗakunan karatu na jami'o'i suna mayar da irin waɗannan kundaye cikin kwamfuta, kuma asusun TETFund na tallafa wa aikin. Wannan ci gaba ne. Sai dai kundin da ya tsira daga gara da ɗigar rufi bai tsira daga masu kutse ba.

A watan Oktoban 2023, gungun masu kutse da ake kira Rhysida ya afka wa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya da ke Landan, ya kulle na'urorinsa, ya nemi kuɗin fansa kimanin fam 600,000. Da hukumar ta ƙi biya, sai suka watsa bayanan ma'aikata da masu karatu a intanet. Sai a Janairun 2024 aka fara dawo da babban jadawalin littattafansa. Rahoton da hukumar ta fitar ya nuna cewa ƙofar da ake kyautata zaton an shiga ta cikinta ba ta da matakin tantancewa na biyu, kuma tsofaffin na'urori sun ƙara wahalar gyara.

Asarar da muke jin tsoro a Kano ta wuce rufewar shafi. Idan aka goge ko aka sauya alƙaluman awon ruwa na shekaru, da wace hujja al'ummomin bakin kogi za su nemi haƙƙinsu?

Muna kira ga shugabannin jami'o'inmu da su ajiye kwafi uku na kowane kundi, ɗaya a wurin da ba ya haɗe da intanet, su kuma riƙa gwada dawo da shi. A wajabta tantancewa mai mataki biyu ga duk ma'aikaci da ɗan kwangila. Kada a zubar da kundin takarda don an ɗauki hotonsa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta ɗora musu alhakin tsare bayanan ɗalibai.

Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da KACCIMA su ma su sa hannu, domin tarihinsu ne ake adanawa. Gemun Landan ya riga ya kama wuta. Lokaci ya yi da Kano za ta shafa wa nata ruwa.