Keke Mai Ƙaton Taya: Kafin Ka Zuba Jarinka, Tambayi Mai Faci

Sanin kowa ne cewa tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, mazauna Khartoum da Omdurman suka koyi darasin da ba su shirya masa ba. Mai ya yi wuya, motocin haya suka ɗauke, sai ga keken da aka jingine a bayan ɗaki, wanda Larabawan nan ke kira "ajala", ya dawo shi ne uban tafiya. Mu da muke Dar Salam a yammacin Omdurman mun gani da idonmu: da keke ake ɗebo ruwa, da shi ake kai gawayi, da shi ake sarin kaya a Kasuwar Libiya a lokutan da hanya ta buɗe.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne tambayar da masu sauraro suka dame mu da ita a rediyo, game da wannan keke mai ƙaton taya kamar na babur da ya fara shigowa kasuwanni. Wai shin shi ne maganin rairayin da ke ba mu wahala da zarar an sauka daga kwalta?

Gaskiya ne, don yashi da ƙanƙara aka ƙera shi, kuma labarinsa ya ratsa ta ƙasar Hausa. A 1980 wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya haɗa keke mai faɗin taya, ya tuƙa shi daga Damagaram har Tamanrasset ta Aljeriya. Daga baya mutanen Alaska a Amurka suka riƙa haɗa nasu don tafiya kan ƙanƙara, kuma a 2005 kamfanin Surly ya fitar da samfurin Pugsley, wanda ya sa irin wannan keke ya bazu a duniya. Sirrinsa ba wani asiri ba ne. Faɗin tayarsa inci 4 ne ko fiye, kuma a kan yashi iskar da ake ba ta ba ta wuce 5 zuwa 10 a ma'aunin masu faci, alhali keken da muka saba yakan sha fiye da 40. Tayar sai ta baje a kan yashi kamar tafin raƙumi, ba ta nutsewa.

To amma, ɗan'uwa ɗan kasuwa, Bature ya hau nasa ne don yawon buɗe ido, da 'yar jakarsa da gorar ruwa. Kai kuwa buhun dawa za ka ɗora, ko jarka huɗu, ka nufi Gallabat ko Jibiya ko Maigatari ranar kasuwa. A nan ne lissafi ke sauyawa. Taya mai ƙarancin iska idan ta ɗauki nauyi ta daki dutse, rim ne zai tsinke tub. Idan kuma ka cika ta da iska don ta ɗauki kaya, ka zubar da amfanin da ka saye ta dominsa, ka tashi da keke mai nauyin tuƙi kawai. Ga ƙaya. Duk wanda ya bi dajin Kordofan ko na Damargu ya san abin da muke nufi, kuma taya mai faɗi ta fi tattara ta.

Babbar matsalar ma ita ce kayan gyara. Wani abokinmu ya sayi irin wannan keke, mai sheƙi, na araha. Kwana kaɗan tub ya yage yagewar da faci ba zai kama ba. Ya zagaya masu gyaran keke na unguwa kaf, kowa ya duba sai ya girgiza kai, don babu mai ajiye tub mai lamba 26 da faɗin inci 4. Keken ya yi makonni a zaure, yara na hawa suna wasa. Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa za a saka wa tsohon kekenka ƙaton taya. Ba zai shiga ba. Gangar jikin wannan keke daban aka ƙera ta: wurin feda ya kai milimita 100 maimakon 68 ko 73, ƙafar baya ma ta fi faɗi nesa ba kusa ba. Idan wani abu ya karye a ciki, sai dai a aiko maka daga wata ƙasa.

Mu dai ra'ayinmu shi ne a ɗauki darasin, a bar kwalliyar. Phoenix na Sin, da Hero na Indiya, da tsohon Raleigh na Ingila mai ƙafa 28, babu ƙauyen da za ka shiga ka rasa mai gyara su. A kansu ya kamata mai ƙaramin jari ya gina. Ka fara da gangar jiki ta ƙarfe, wadda mai walda zai iya ɗinkewa idan ta tsage. Ka zaɓi taya mafi faɗi da za ta shiga ba tare da ta goga ba. Ƙafar baya ita ke shan wuya, don haka a ɗaure ta da wayoyi masu kauri, 36 ko 40, a hannun gwani, kada ka yi rowa a nan. Kariya a ƙarfafa ta da rodi, a kuma sa babban haƙori a baya don feda ta yi sauƙi da kaya. Sannan famfo ya zauna a jikin keken kullum: idan ka iso yashi ka sassauta iska kaɗan, idan ka hau tsandauri ka mayar.

Ba mu ce keke mai ƙaton taya ba shi da wuri ba. Matashin da aikinsa kai saƙo ne ko magani zuwa ƙauyukan da babu hanya sai rairayi, kayansa marasa nauyi, zai more shi. Sai dai shi ma, ranar da zai biya kuɗin keken, ya haɗa da tub biyu da taya guda na ajiya. Idan mai shagon ya ce babu, sai an yi oda, to ya mayar da kuɗinsa aljihu ya leƙa shagon gaba.