Kafin mu hana yara gem, mu buɗe musu cikinsa

Iyaye a nan Tsauni suna yawan kawo mini kuka: yara sun tare a gidan gem, har kuɗin karin kumallo can yake ƙarewa. Kukansu gaskiya ne. Amma bulala ba ta raba yaro da abin da ransa ke so.

Bara na samo tsohon allon na'urar Street Fighter II, wasan da kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1991, wurin wani mai gyaran rediyo a Damagaram. Kafinta ya haɗa mana akwatin katako, muka saka tsohuwar tele a ciki. Bayan telen kuwa mai gyara kaɗai ya taɓa, domin tana riƙe wuta ko an kashe ta.

Ɗalibaina suka auna katako, suka jona wayoyin maɓallai, suka bambance volt 5 da volt 12. Wani da ke gudun lissafi shi ya gano wayar da ta tsinke.

Sharaɗinmu ɗaya: ba wasa sai an gama aikin gida.

Malamai da iyaye, yaron da ya san cikin na'ura ba ya zama bawanta.