Abin da ya haɗa kasuwar Sabon Gari da tsaron Tekun Guinea

Idan aka ambaci 'yan fashin teku ko taron hafsoshin sojin ruwa, yawancinmu a Zariya sai mu wuce labarin a waya, don muna ganin batun mutanen Legas da Fatakwal ne. Amma kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, da alkamar burodin da ɗalibai ke ci a Samaru, da kayan gyaran babur da Keke Napep, da wani ɓangare na sinadaran haɗa takin zamani, duk ta ruwa suka shigo. Haka citta da riɗi da zoɓon da Arewa ke fitarwa, jirgin ruwa ke kai su kasuwar duniya. Duk kuɗin da aka ƙara wa jirgi saboda tsoron 'yan fashi, a aljihun mai saye yake ƙarewa.

A watan Yunin 2013, ƙasashe 25 na Yammaci da Tsakiyar Afirka suka sa hannu a wata yarjejeniya a Yaounde, babban birnin Kamaru, cewa za su riƙa musayar bayanai da taimakon juna wajen kama masu laifi a teku. An raba gaɓar zuwa shiyya-shiyya. Najeriya ta faɗa shiyyar da ake kira E, tare da Benin da Togo da Nijar, cibiyar shiyyar kuma tana Kwatano. A lura, an saka Nijar duk da ba ta da ko taku ɗaya na bakin teku, saboda kayanta ta tashoshin maƙwabta suke bi. Wannan hujjar ita ce tamu ma.

Abin bai gyaru nan take ba. A shekarar 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya baki ɗaya, 130 a Mashigin Tekun Guinea aka ɗauke su, kamar yadda hukumar IMB mai lura da fashin teku ta bayyana. Sai dai a wannan shekarar ce aka ga amfanin haɗa kai ƙarara. A watan Mayu, 'yan fashi suka ƙwace wani jirgin kamun kifi mai suna Hailufeng 11 a ruwan Kodebuwa. Labari ya bi ta cibiyoyin nan, sojin ruwan Najeriya suka tare jirgin, suka ceto ma'aikatansa, suka kama mutum goma. A 2021 wata babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure su a ƙarƙashin dokar yaƙi da fashin teku ta 2019. A watan Yunin 2021 kuma, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue na dala miliyan 195, da jirage da na'urorin sa ido. Daga nan hare-haren suka ragu ƙwarai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don ɓarawon teku bai san iyakar ƙasa ba.

To, ina ribar ɗan kasuwar Sabon Gari a ciki? A nan gizo ke saƙar. Hukumar NIMASA ta daɗe tana ƙorafin cewa kamfanonin inshora na waje suna ci gaba da ɗora wa jiragen da ke zuwa Najeriya kuɗin haɗarin yaƙi, duk da sauƙin da aka samu. Ƙasa ɗaya ba za ta iya tanƙwara su ba, sai ƙasashen yankin sun yi magana da murya ɗaya. Sannan ko kaya sun sauka lafiya a Apapa, akwai doguwar tafiyar tirela da shingayen hanya kafin su iso mana. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. Zariya tana tsakiyarsu, kuma mahaɗar jirgin ƙasa ce tun zamanin Turawa. Amma muddin jirgin ƙasa ba ya jigilar kwantena a kai a kai, tashoshin nan ba za su rage wa kowa tsada ba.

Abu na biyu shi ne Nijar. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 dangantakarta da Benin ta yi tsami, ta kuma fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A ganina, saɓanin siyasa bai kamata ya rushe maganar hanyar kaya ba. Fatake daga Maraɗi da Damagaram abokan cinikinmu ne tun kaka da kakanni. In Najeriya ta sauƙaƙa wa kayan Nijar bi ta tashoshinta, direbobinmu da 'yan dakonmu ne za su fara cin moriyar.

Zariya ma tana da abin da za ta bayar. A hanyar Basawa akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, wadda aka kafa a 1986, a Samaru kuma ga Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyarta ta binciken aikin gona. Me zai hana su zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su lissafa nawa kwantena ɗaya ke ci daga Legas zuwa Zariya, da inda kuɗin ke zurarewa? Da irin wannan lissafi wakilanmu a Majalisar Tarayya za su iya tsare ma'aikatar harkokin teku, wadda Shugaba Tinubu ya ƙirƙiro a 2023, da tambayoyi masu ma'ana lokacin kare kasafin kuɗi.

Matasanmu kuma su daina ganin aikin teku a matsayin na wasu. Sojin ruwa da NIMASA da makarantar horar da ma'aikatan jirgi ta Oron na tarayya ne, ɗan Samaru yana da haƙƙin neman gurbi kamar kowa. Kuɗin da ake kashewa a tsaron tekun daga baitulmalin ƙasa yake fitowa, don haka muna da ikon tambayar yaushe ribarsa za ta sauka a farashin buhun taki.